Ƙugiyar da Na Kafa a Saman Ɗakinki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Jidda lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu. Ki gaishe min da Gwaggonki Saude, ki ce mata ga amana nan na aiko.

Shekara ashirin da shida ke nan rabona da Kano. Na fito ta Chadi da Sudan da 'yar jaka ɗaya, na ce wa tsohuwa, wadda kika ci sunanta, shekara biyu zan yi in dawo. Ga ni nan har yau a unguwar Hindawiyya ta Makka, ina hawa tsani ina rataya wa mutane labule a gidajen da ba zan taɓa kwana a cikinsu ba. A duk shekarun nan ban taɓa zama na rubuta wa wani doguwar takarda ba. Ke ce ta farko, don abin da ke raina baki ya kasa faɗa. Sau nawa nake zuwa ƙofar ɗakinki da magana, sai in ɓuge da tambayar ko kin ci abinci. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, amma ni da Larabci ciniki na iya da neman alfarma, ban iya jin kunya da shi ba. Inda kalma ta shige miki duhu ki kai wa Gwaggo ta karanta miki. Babu abin da zan ɓoye mata kuma.

Ummanki ta gaya min akwai ƙyalle a ƙasan akwatinki, sabo, shuɗi, wanda kika saya da abin da kika samu na koyar da yaran maƙwabta. Ban buɗe ba, ban taɓa ba. Na dai gane wasan nan bai fita daga ranki ba, wannan da ake rataya dogon ƙyalle daga saman ɗaki, mutum ya hau shi da ƙarfin hannu, ya naɗe ƙafa da ƙugu, ya juya kai ƙasa. Ba hana ki zan yi ba. Na gwada hanawa, kin ga inda ta kai mu. Tsorona guda ne: ki isa Jidda ki sami wani ƙarfe a saman ɗaki ko a kan soro, ki ɗaura, ki rufe ƙofa, ki hau ke kaɗai, saboda ubanki ya koya miki cewa abin ɓoyo ne. Wancan karon hannu ne ya karye aka ɗaure. Wuya ba a ɗaure shi.

Bari in fara daga inda na fara ɓata.

Ranar da kika kawo min wayarki ina shan shayi, kika ce, "Abuya, duba wannan," na ga mace a sama tana juyi a jikin ƙyalle, kin tuna abin da na ce? Ni ban manta ba. Na ce, "'Yar Musulmi, a garin Makka, ƙafa sama kai ƙasa kamar jemage?" Kika ce, "Wallahi Abuya motsa jiki ne, akwai wurin mata zalla a unguwar Zahir, da malama mai koyarwa, namiji ko leƙe ba ya yi." Na ce, "Halas, magana ta ƙare." Kika ɗauki wayarki kika fita.

Na nuna miki kamar addini nake karewa. Ba addini ba ne, Allah shaida. Wurin mata ne, a rufe, babu abin da malami zai ce. Bakin mutane na ji tsoro. Na hango Alhaji Sale mai tasi yana sauke fasinja a Zahir ya gan ki kina shiga, ya kawo zancen majalisarmu ta ƙofar masallaci, a ce 'yar mai labule ta koma wasan birai. Mu da muke zaman baƙunta a ƙasar nan, ba fili, ba gida, takardar zamanmu a hannun wani take, abin da ya rage mana mu yi taƙama da shi shi ne a ce gidan wane ba a jin kansu. Na riƙe wannan kamar dukiya. A kansa na hana ki malama.

To ga shawarata ta farko, wadda da na ba ki ita tun ranar da ba mu kai ga asibiti ba: ki nemi malama. Ba a koyon wannan abu a waya. Waya tana nuna miki wadda ta gama ƙwarewa, ba ta nuna miki shekarun da ta yi tana riƙe ƙyalle ƙafarta na taɓa ƙasa. Waya ba za ta ga kin naɗe ƙafa ta hagun maimakon dama ta ce tsaya ba. Ki shiga ajin 'yan koyo, ko da kina ganin kin wuce nan. Ki tambayi malamar a ina ta koya, tun yaushe take koyarwa, mutum nawa take tsayawa a kansu a lokaci guda. Idan ta ji haushin tambayar, ki yi mata sallama. Mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya jin zafin tambaya. Ni da na ji zafinta, kin ga irin aikina.

Da kika yi makonni ba kya dariya a gida, Ummanki ta sa ni gaba. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba yawo ta nema ba, ba samari ta nema ba, tsumma ta nema ta hau. Ka bar ta mana." Sai dabara ta zo min, na ji kamar na fi kowa wayo. Na ce zan kafa miki a gida, a ɗakin ciki, inda ba mai gani. Ta ce, "Ka iya?" Na ce, "Ni kike tambaya? Rabin masaukan alhazai na Misfala ni na rataya musu labule. Wace silin ce ban huda ba?"

Na ɗauko injin huda bango na hau tsani. Na sami kankare, ban kafa a jikin farin allon ado ba, wannan kam na sani. Na huda, na cusa 'yar robar nan da muke kira fisha, babba, irin ta labulen falo mai nauyi, na murɗa ƙugiya har ta ƙi motsi. Sannan na kama ta da hannu biyu na ɗage ƙafafuna daga tsani, na yi lilo kaɗan, na ce wa Ummanki, "Kin gani? Ta ɗauke ni, balle Ummi da ba ta kai buhun shinkafa ba." Har tafi kika yi min. Wannan tafin ya fi komai ci min rai yanzu.

Abin da ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya, shi ne labule ba ya motsi. Ka rataya shi ya zauna shekara goma yana jan ƙugiya da nauyi guda, a hankali. Mutum kuwa yana hawa, yana fizga, yana juyi, yana sakin jiki ƙyallen ya cafke shi. Duk cafka ɗaya nauyinsa yakan ninka a kan ƙugiyar, kuma kai tsaye ƙasa yake ja, ta inda fisha ta fi rauni. Kullum kika hau, robar tana sakin ramin kaɗan-kaɗan. Na ga farar ƙura a kan tayil a ƙarƙashinta wata rana. Na sa ƙafa na share.

Saboda haka, Ummi, kada ki amince da wata ƙugiya don wanda ya kafa ta yana ƙaunarki. Ƙauna ba ta riƙe kankare. Duk inda za ki hau, ki ɗaga kai ki duba, ki tambaya wa ya kafa, shin aikinsa ke nan na rataya mutane, shin injiniya ya duba ginin, yaushe aka duba ƙarafan na ƙarshe. Ƙugiyar fanka ba wurin hawa ba ce. Haka ƙarfen tankin ruwa na kan soro, haka ƙarfen shanya, haka reshen bishiya, haka duk abin da wani zai kama ya yi lilo ya ce miki kin gani. Shuɗin ƙyallen nan ki bar shi a akwati, ki hau na makaranta. In wata rana kika isa kafa naki, malama ce za ta gaya miki, kuma masu wannan sana'a za a kira. Ko ni na zo da injina na ce na gane kuskurena, ki ce, "Abuya, zauna ka sha shayi."

Ƙyallen ma da na ba ki wani abin kunyar ne. Ragowar labulen wani masauki ne, mai santsi, na ga ya yi kama da na cikin waya. Bai kai tsawo ba, sai na haɗa biyu na bi da keken ɗinki sau uku. Ni mai taɓa yadi kullum, na kasa gane cewa nasu saƙa ce daban, wadda aka yi don ɗaukar mutum, mai ɗan miƙewa, marar haɗi a tsakiya. Nawa ya yi ta goge miki bayan gwiwa da hamata har ya yi ja, kika yi shiru, don kin san in kika yi ƙorafi zan ce to a sauke. Allah ne Ya sa ƙugiyar ta riga ɗinkin saki.

Kafin ki hau kowane ƙyalle ki bi shi da hannu da ido, ko akwai huda ko zare ya ja. Ki cire zobe da awarwaro da ɗan kunne da agogo. Allurar da kike kama mayafi da ita, wannan ki fi kiyaye ta, ita ce za ta yaga ƙyallen ko ta shige miki fata kina kai ƙasa. Ki ɗaure gashinki tamau. Ki sa kaya masu kama jiki da suka rufe bayan gwiwa da ƙugu da hamata, marasa zif, tunda mata ne zalla ba wanda zai ce komai. Ki yanke farce. Man nan da kuke shafawa ke da Ummanki har ƙofa ta riƙa zamewa a hannun mutum, da humra mai maiƙo, ki bari sai kin sauko. Lalle bai hana komai ba, mai ne ke kayar da mutum.

Yanzu zan faɗi wadda ta fi min nauyi.

Da farko a ƙasa-ƙasa kike yi, kina ɗaure ƙulli kina zama a ciki, kina ɗaga ƙafa. Wata rana na dawo daga aiki a gajiye, mai gidan da na yi wa aiki ya sa na sauke labule na sake ratayawa don matarsa ta canza ra'ayi, ya kuma kira ni da sunan da suke kiran baƙar fata in sun so wulaƙanci. Na haɗiye na kamo hanyar gida. Na shigo na leƙa ɗakinki na gan ki a zaune a ƙulli, tsayin gwiwa daga ƙasa, kina haki kina murna. Na ce, "Iyakar abin ke nan? Duk rigimar da kika tayar min a gida? Ta cikin wayar ai sama take kaiwa." Kika ce, "Da sannu, Abuya." Na ce, "Da sannu kunkuru ma ya ce."

Haushin wani na sauke a kanki. Daga ranar kika fara hawa har ki taɓa silin, kika fara gwada wannan da ake naɗewa a saki jiki a gangaro. Ni na tura ki can, da baki.

Ki ji da kyau. Zama a ƙasa ba gazawa ba ne, nan ake koyo. Duk sabon naɗi ki koye shi inda in kika zame ƙafarki za ta sami katifa, ki maimaita har hannunki ya san shi ba sai kin yi tunani ba, sannan ki ƙara tsayi. Kada ki hau da dukan ƙarfinki, ki bar rabi na saukowa, don a tsani ma na ga masu faɗowa, yawancinsu a hanyar sauka ne, lokacin da hannu ya mutu. Kada ki zame ƙasa da gudu, ƙyalle yana ƙuna kamar wuta, ki sauko hannu bayan hannu. Sakin jiki daga sama kuwa ki manta da shi har sai malama da bakinta ta ce lokaci ya yi. Duk wadda ta ce miki iyakar abin ke nan, ƙawa ce ko wata mai ɗaukar hoto, ki tuna ba ita za ta kwanta a asibiti ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Sai katifa da ƙofa. Katifar kwana na shimfiɗa miki, ta soso, wadda in ka taka za ka ji tayil. Ni ne kuma na kafa dokar ki riƙa sa sakata in za ki hau, kada matan maƙwabta su shigo su gani. Ni, wanda ya kamata ya fi kowa sanin illar haka. A shekarun da ba ni da takarda, na taɓa faɗowa daga tsani a wani bene da ba a gama ba, ni kaɗai, don na zaɓi lokacin da ba kowa gudun tambaya. Na kwanta daga azahar har magariba ban iya tashi ba, ina jin kiran salla daga ko'ina, na kasa kiran mutum ɗaya. Mai gadi ne ya tsince ni. Na san wannan a jikina, amma na ce wa 'yata ta sa sakata.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, ina tsakar gida na ji ƙara kamar an yar da buhu. Ummanki ta riga ni kaiwa ƙofar, tana bugu tana kiran sunanki, ba amsa. Da kafaɗa na karya sakatar da na kafa da hannuna. Kina kwance rabi a katifa rabi a tayil, ƙyalle ya lulluɓe ki, ƙugiyar tana gefen kanki da fisha a jikinta da guntun kankare. Da ta matsa kamu ɗaya da a kanki ta sauka. Da kika buɗe ido, abin da kika fara cewa shi ne, "Abuya, ma'alesh, yi haƙuri, na ɓata maka silin."

Kada ki taɓa hawa ke kaɗai. Ko kin ƙware, ko minti biyar ne. Dole a sami mai ido a kanki, wadda ta san yadda za ta kwance ki in ƙyalle ya shaƙe miki ƙafa kina kai ƙasa. Dole a sami katifa mai kauri ta wannan aiki, mai faɗi, ba ta kwana ba, ba darduma ba. In kika shiga wuri ba ki gan ta ba, ki juya.

A asibiti likita ya ce tsintsiyar hannu ta karye, aka ɗaure. Ya tambayi yadda aka yi, na riga ki amsawa na ce santsin banɗaki ne. Haka na gaya wa majalisa, haka na gaya wa Gwaggonki a waya. Ummanki ta tambaye ni a gida, na ce wataƙila fizga kika yi da yawa. Kina ji. Kika dube ni kika sauke kai, ba ki ƙaryata ni ba ko sau ɗaya, har yau. Na toshe ramin na shafa fenti kafin a sallamo ki. Na iya gyaran silin, wannan kam ba wanda zai ƙwace min.

Daga wannan ƙaryar ga abin da nake so ki ɗauka: ki gaya wa malamarki gaskiyar hannun nan tun ranar farko, wane hannu, yaushe, yadda aka yi. Kafin nan ki koma wurin likita ki gaya masa ainihin abin da kike shirin yi, ba santsin banɗaki ba, ya ce hannun ya isa ɗaukar nauyi. Kuma ki riƙa jin maganar jikinki. Kin san kafaɗata ta dama, yadda ba na iya ɗaga ta sosai ko a kabbarar salla. A wani lokacin aikin Hajji ta fara ciwo, masaukai suna ta neman labule, na ce wa kaina ciwo ba ya hana namiji aiki, na yi ta shafa mai ina hawa. Da na huta mako guda da ta warke. Ke kam ki ɗumama jiki kafin ki taɓa ƙyalle, kafaɗa da wuyan hannu da baya. Gajiyar tsoka da ɗan tabon da naɗi ke bari, an ce min kowa yana yi. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko hannu ya yi sanyi ya mutu, ko jiri, wannan ki sauko nan take. Kada ki hau kullum, jiki a ranar hutu yake yin ƙarfi. Kada ki hau da cikakken ciki, kada ki hau da ƙishirwa, da azumi kuma ki bari sai an sha ruwa an huta.

Za ki ce ina mai labule ya san duk wannan. Tambaya na yi, wadda ya kamata in yi tun farko. Da na ji za ki tafi, na ce wa Alhaji Sale ya kai ni Jidda. Gwaggonki ta samo min wani wurin mata da ake koyar da abin, ba nisa da gidanta. A hanya ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da wurin motsa jikin mata? Ko tumbin za a rage?" Muka wuce shingen bincike. Sannan na gaya masa komai, ƙugiyar, sakatar, banɗakin da ba a zame a cikinsa ba.

Ya juyo ya kalle ni. Can ya ce, "Amma kai dai an yi tsohon banza. Yarinya ta nemi makaranta ka kafa mata tarko?" Na ce, "Bakinku na ji tsoro." Ya ce, "Bakinmu? Mu da in mun gama da kai kafin isha'i mun koma kan farashin tumatir? Tawa 'yar, ƙwallo take bugawa a makarantarsu, wa ya mutu?" Ya yi dariya har da buga sitiyari, sannan ya ga fuskata ya daina. Ummi, mutumin da na karya miki hannu don gudun bakinsa ke nan.

Ba su bar ni na shiga ba, daidai ne. Malamar ce ta fito bakin ƙofa, mace mai kamar shekarun Ummanki, hannunta duk kanta kamar na leburan gini. Na nuna mata ƙugiyar, don na taho da ita a aljihu. Ta juya ta a hannu ta ce, "Wa ya kafa wannan?" Na ce, "Ni." Ta ce, "Wa ya hau?" Na ce, "'Yata." Ta ce, "Tana tafiya da ƙafarta?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Ta ce, "To ka yi sadaka, baba." Ba ta zage ni ba, da ta zaga da ya fi min sauƙi. Ta sa aka ɗauko min hoton ƙarafan da suka rataya nasu a jiki, manya, an ɗaure su da ginshiƙin ginin kansa, da katifun da suka kai gwiwa. Ta tsaya a rana tana amsa min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina sa Alhaji Sale ya maimaita min inda Larabcin ya yi min sauri. Ta ce in kin zo daga ƙasa za ki fara, kamar ba ki taɓa hawa ba, kuma sai ta ga takardar likita. Na ce haka nake so. Ban ce lallai wurinta za ki je ba. Ki je ki gani da idonki, ki yi mata tambayoyin da na lissafa miki, in ba ta kwanta miki ba ki nemi wata.

Na gaya wa Ummanki gaskiya da na dawo. Ta ce ta sani tun ranar, ta ga fisha a hannuna ina ɓoyewa, tana jira ne ta ga yaushe zan gaji da ɗaukar kaya. Majalisa ma na gaya musu bayan sallar Juma'a. Wani ya yi tsaki, wani ya ce Allah Ya kyauta, aka ci gaba da hira.

Ba na neman ki ce kin yafe a waya don ki faranta min. Ki yafe in ya zo miki. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma shi ne dalilin takardar nan: kada ki ɓoye min. Ranar da kika fara zuwa ki gaya min. In kin zame ki gaya min, in kin ji tsoro ki gaya min, in wata uku kika yi kina zaune a ƙulli tsayin gwiwa ki turo min hoton in nuna wa Ummanki. Ba zan sake tambayar ki ko iyakar abin ke nan ba. Duniya ta hana ni abubuwa da yawa a ƙasar nan, na kuma yi ta ƙorafi, wani da gaskiyata. Amma wannan ba kafilin da ke riƙe da takardata ya yi min ba, ba ɗan ƙasa ya yi min ba. Ni na hau tsani na huda.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ji maganar Gwaggonki ko da ta cika faɗa, ki yi bisimilla kafin ki kama ƙyalle. Allah Ya tsare min ke sama da ƙasa, Ya ƙarfafa hannunki, Ya sa duk hawan da za ki yi ki sauko da ƙafarki. Allah Ya yi miki albarka, Ya raba ki da sharrin gaggawa da na masu zuga, ko da ubanki ne. Ummanki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin jakar gefe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.

Ambulan ɗin da ke cikin takardar nan, abin da na iya tarawa ne tun da aka kwance miki hannu: riyal dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin. Malamar ta ce zai biya wata uku na ajin 'yan koyo, ragowar ki ga likita. Kuɗin mota bai samu ba, ki hau ta Gwaggo. Na wata na huɗu ina kan nema.